Sau uku ana cinye ni a wasan yaƙin duniya, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina zaune a Runjin Sambo. Tun ina sakandare nake son tarihin yaƙin duniya na biyu, shi ya sa na tara kuɗi na sayi wasan Hearts of Iron IV na sa a kwamfutata. Na ɗauki Jamus don na ga ita ce mai ƙarfi, amma sau uku ke nan ana cinye ni, ban ma san abin da ya ci ni ba. Allon cike yake da maɓallai da lambobi, ga kwamfutar tana ɗaukar zafi. In haƙura ne, ko akwai hanyar koyo?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kada ka ajiye shi. Abin da ya same ka yana samun kusan duk wanda ya fara da Jamus, kuma ba ƙarancin basira ne ya jawo ba. Ka shiga kogin ne ta inda ya fi zurfi. Kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar da wasan a watan Yunin 2016, tun daga lokacin kuma suke ta ƙara masa sassa, don haka abin da ka tarar a allonka tarin aikin shekaru ne. Babu mai haɗiye shi a zama guda.

Na san ka san dara. Kafin a fara tura 'ya'ya ana ci, sai kowa ya gama zuba nasa goma sha biyu a gurabe, kuma tsofaffin da ke bugawa a gindin dogonyaro sun san wanda ya yi mugun zubi ya riga ya faɗi tun ba a motsa ɗa ko ɗaya ba. Haka wannan wasa yake. Yana farawa ranar 1 ga Janairun 1936, babban yaƙin kuwa a tarihi sai 1 ga Satumban 1939 ya ɓarke, lokacin da Jamus ta afka wa Folan. Waɗannan shekaru uku da wata takwas su ne zubinka. Ina kyautata zaton ka sa agogon wasan a gudu na biyar, wato mafi sauri, ka wuce su a guje don ka kai ga faɗa, a nan aka cinye ka.

A lokacin zubi, masana'antu ne abin lura. Akwai na farar hula, su ne ke gina komai, kuma da su ake sayo ƙarfe, mai, roba da sauran abin da ƙasarka ba ta da shi. Masana'anta ɗaya takan sayo maka awo takwas. Akwai na soja masu ƙera bindigogi, igwa, tankoki da jirage. Ga babbar ƙasa, ka fara da gina na farar hula a shekara ta farko da ta biyu, sannan ka juya ga na soja. Idan kuma ka ɗora masana'anta a kan ƙera wani abu, ka bar ta a kai, domin ƙwarewarta na ƙaruwa ne a hankali, kana sauya mata aiki ta zube. Bindigar sojan ƙasa ita ce gaba da komai. Akwai shafin da ke nuna kayan da ke rumbunka, in ka ga lambar bindigogi ta yi ja, to wasu sojojinka hannu rabbana suke tsaye a bakin daga.

Yanzu ka bar Jamus tukuna. Ka shiga darasin koyo da ke cikin wasan, wanda ke ba ka Italiya tana tsakiyar yaƙi da Habasha. Ƙaramin yaƙi ne mai fuska biyu, ɗaya daga Iritiriya ta arewa, ɗaya daga Somaliya ta kudu, kuma abokin gaba ba shi da ƙarfin da zai rusa ka in ka yi kuskure. Ka buga shi, ka sake, ka kuma sakewa, ko da sau biyar ne. Sojan ruwa da 'yan leƙen asiri ka ƙyale su gaba ɗaya a makonnin farko. Dogon maɓallin nan na ƙasan kibod shi ke tsayar da agogo, ka saba da danna shi duk sanda wani abu ya faru da ba ka gane ba, sannan ka ɗora linzami a kan lambar ka jira. Bayani zai fito yana gaya maka abin da ya ƙara ta da abin da ya rage ta. Ni daga waɗannan ƙananan bayanai na koyi mafi yawan abin da na sani.

Kowace runduna tana da layuka biyu a jikin alamarta. Ɗaya yana nuna yawan mutane da kayanta. Ɗayan, wato koren, yana nuna tsarinta da juriyarta a fagen fama, kuma shi ne sabon shiga ba ya kallo. Idan koren ya ƙare runduna za ta daina kai hari ko ta ja da baya, ko da kuwa mutanenta na nan cif. Saboda haka kada ka tura wadda korenta ya yi ƙasa, ka bar ta ta huta ya cika. Ka ɗora rundunoni a ƙarƙashin janar, shi yana iya riƙe har 24, ka zana masa bakin daga, ka zana inda kake so ya kai, sannan ka dakata 'yan kwanaki kafin ka ba da izini. Wannan jiran yana tara musu ƙarin ƙarfi na shiri. Hari a kan tsauni ko ta tsallaken kogi yana da tsada ƙwarai, in akwai fili a gefe ka bi ta can.

Sai guzuri, wanda nake so ka fi ba wa lokaci, don ina jin shi ne abin da ka ce ya ci ka ba ka gan shi ba. Tun gyaran da aka yi wa wasan a ƙarshen 2021, abinci da harsashi suna tasowa ne daga babban birninka, su bi layin dogo ko tashar jiragen ruwa zuwa rumbuna, daga rumbu kuma dawaki ko manyan motoci su kai wa soja. Kowane yanki yana da iyakar bakunan da zai iya ciyarwa. Danna F4 ka ga taswirar guzuri da idonka.

A hutun da ya wuce ɗan yayata ya zo mini, muka zauna a zaure bayan isha'i yana buga wannan yaƙi na Habasha. Da ya ga an tsaya cik a tsaunukan arewa, sai ya kwaso ƙarin rundunoni daga Italiya ya jibge su wuri guda. Kullum yana ƙarawa, kullum korensu na raguwa, jajayen alamu sun fito a kansu. Ya dube ni ya ce, "Kawu, na fi su yawa ninki uku, me ke faruwa?" Na ce ya danna F4. Yankin ya fito jawur. Na sa ya janye rabinsu zuwa bakin teku kusa da tasha, muka bar agogo ya yi kamar mako guda. Waɗanda suka rage suka ƙoshi, korensu ya cika, da su kaɗai ya fasa tsaunin. Ya yi shiru yana kallon allon, sannan ya ce ashe yunwa yake aika musu.

Wannan ba ƙirƙirar masu wasa ba ce. Jamus ta shiga Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga Yunin 1941 da gagarumar runduna, amma nisa, taɓon kaka da sanyi suka tsinke mata hanyar guzuri, ta tsaya a ƙofar Mosko a watan Disamba. Duk za ka tarar da su a wasan. Kuma da zarar ka gane guzuri, ka gane ƙawanya: maimakon ka tura abokin gaba baya gaba ɗaya, sai ka huda layinsa a wurare biyu da rundunoni masu sauri, su haɗe a bayansa. Wanda aka yi wa zobe guzurinsa ya yanke, ba shi da wurin gudu, in ya faɗi ya tafi ke nan. Rundunoni goma da ka halaka a zobe sun fi maka amfani a kan garuruwa goma da ka kama.

Tunda mai son tarihi ne kai, ga abin da ba na so ya ɓace maka kana motsa alamomi a taswira. Mamayar da Musolini, shugaban Italiya na lokacin, ya kai wa Habasha a watan Oktoban 1935 zalunci ce, har da iska mai guba aka zuba wa mutane, aka kama Adis Ababa a watan Mayun 1936, Sarki Haile Selassie ya yi gudun hijira. Kuma a 1941 sojojin Najeriya na cikin waɗanda suka taso daga Mogadishu suka fatattaki Italiyawa daga Habasha, kafin daga baya a kai wasu dubbai ƙasar Bama da ke nahiyar Asiya. Akwai Hausawa da yawa a cikinsu. Ranar da hannunka ya faɗa, ka juya ka ɗauki Habasha ka gwada kare tsaunukan nan. Yana da wuya matuƙa, amma a nan za ka koyi tsaro.

Batun zafin kwamfuta, ka san garinmu daga Maris zuwa Mayu. Kada ka ɗora ta a katifa ko darduma, ka sa ta a tebur ka ɗaga bayanta da littattafai biyu iska ta shiga ta ƙasa, ka sa a hure mata ƙurar hunturu daga fanka. Ka fi bugawa da dare. Wasan yana ƙara nauyi a shekarun 1942 zuwa sama saboda rundunoni sun cika duniya, wannan ma wani dalili ne na tsayawa a farkon shekaru yanzu. Ba ya buƙatar intanet in kai kaɗai kake bugawa, kuma kada ka kashe kuɗi a kan ƙarin sassan da ake sayarwa tukuna.

Ga aikin wannan mako. Ka buɗe Italiya, ka adana wasan tun ranar farko, sannan ka adana kafin kowane babban hari. In harin ya ci tura, ka tsayar da agogo, ka buɗe allon faɗan, ka rubuta a takarda abin da ya rage maka ƙarfi: tsauni ne, kogi ne, guzuri ne, ko kore ne ya ƙare. Ka koma inda ka adana ka gyara wannan abu ɗaya kawai. In ka kama Adis Ababa, ka rubuto mini watan da ka shige ta da yawan mutanen da ka rasa, daga nan sai mu shiga maganar tankoki da jiragen sama.