Sa kyamarar bidiyo a ƙaramin madubin 9x50

Malam, ka ce kana son ɗaura kyamara a ƙaramin madubin neman taurari na Sky-Watcher 9x50 ɗinka, to ai yana yiwuwa. Warware gilashin da ake leƙawa ta baya, ka nemi adafta mai tiredin T2 (wato irin zaren murɗawa da ake haɗa kyamara da madubi da shi), sai ka ɗaura kyamara irin ZWO ASI120.

Inda ake shan wahala fokas ne, hoto ya fito dishi-dishi mutum ya ce kyamara ta lalace, alhali zoben gaban kawai zaka sassauta kana juya gilashin gaban a hankali kana kallon hoton a SharpCap, manhajar kwamfuta da ke nuna abin da kyamarar ke ɗauka. Ka fara gwadawa da rana kan eriya mai nisa, amma kar ka kuskura ka saita shi kan ranar kanta, sensar kyamarar zata ƙone. In tiredin ya ƙi shiga kar ka matsa, kai wa mai gyaran kyamara.