Amsa kan tsakuwar layin dogo da ginin tasha

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambayi abin da za ka zuba ƙarƙashin ɗan layin dogon da kake haɗawa a kan tebur, da girman da ginin tasha zai yi.

Tunda jirginka na HO ne, wato ma'aunin ƙananan jiragen ƙasa da ke rage girman na gaske sau 87, komai ka ɗauki girmansa na gaske ka raba shi da 87. Ƙofa mai tsayin mita 2 za ta dawo kusan milimita 23. Da kwali mai kauri nake gini, laka kuwa tsagewa take in ta bushe.

Tsakuwa ba sai ka saya ba. Ɗebo yashi ka wanke, ka shanya, ka tankaɗe da rariya. Amma don Allah ka bi shi da maganaɗisu tukuna, domin ɓurɓushin ƙarfen da ke ciki injin jirgin zai zuƙe shi. Ni na taɓa rasa inji ɗaya a haka, har yau abin na damuna. Bayan ka shimfiɗa, ka ɗiga farin gam ɗin kafintoci da aka sirka da ruwa rabi da rabi, kada ya taɓa wurin sauya layi.

Mu nan Katsina ƙurar hunturu tana hana wutar lantarkin da ke tafiyar da jirgin bin ƙarfen layin. Ka riƙa gogewa, in ka gama ka lulluɓe teburin da zane.