Ƙanena, ka dakata da maganar bizar Tailan

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da su Hajiya da sauran mutanen gida. Saƙonka ya iso, kuma na ga gara in amsa maka a fili, don ba kai kaɗai ke aiko mini da irin wannan tambaya daga Kano ba. Ka ce kana da NCE ta Lissafi da Fiziks daga Sa'adatu Rimi, kana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kurna, albashin ba ya kai ka tsakiyar wata. Ka ce wani ejan ya yi maka alkawarin bizar yawon buɗe ido zuwa nan Tailan, wai da ka sauka makaranta za ta ɗauke ka koyar da Turanci, ta juya maka bizar ta koma ta aiki, kuma ba ruwan kowa da digiri, takardar TEFL (shaidar kwas ɗin koyar da Turanci ga masu wani harshe) ta intanet ta wadatar. Kana shawarar sayar da babur ɗinka ka ba shi kafin alƙalami.

Kada ka ba shi ko sisi.

Malami baƙo a makarantar firamare ko sakandare a nan takardu uku yake riƙewa, kuma kowace tana rataye da 'yar'uwarta. Akwai bizar da ake kira Non-B, wadda ke ba ka kwana 90 da farko. Akwai izinin aiki daga ma'aikatar ƙwadago, wanda ke ɗauke da sunan makarantar da ta ɗauke ka, ba wata ba. Sai lasisin koyarwa daga majalisar malamai ta ƙasar, Kurusapa. Sabon zuwa ba ya samun cikakken lasisi, takardar wucin gadi ta shekara biyu ake ba shi, amma abu na farko da majalisar ke nema kafin ta bayar shi ne digiri. In babu shi babu takardar wucin gadi, in babu ita ba a ba da izinin aiki, in kuwa babu izini jami'in shige da fice ba zai tsawaita maka zama zuwa shekara ba. NCE a gida abin mutunci ce, ita ce ma mafi ƙarancin shaidar da doka ta yarda a shiga aji da ita a Najeriya. Sai dai ma'aikaciyar da ke duba fayil a Bankok ba ta san Kumbotso, inda kwalejinku take, ba, shaidar digirin farko kawai take nema. TEFL kuwa ƙari ce a kan digiri, ba ta taɓa maye gurbinsa ba.

Na san daga ina wannan labari na "ba sai da digiri ba" ya fito. Bidiyon da kake kallo a YouTube da TikTok yawancinsu 'yan Amurka da Ingila ne suka yi, kuma don 'yan ƙasarsu suka yi. Su suna shigowa ba tare da neman biza ba, in kwanakinsu sun kusa ƙarewa su tsallaka Lawos ko Maleshiya su dawo da sabon hatimi. Koren fasfo ba ya wannan. Kai sai ka nemi biza ta ofishin jakadancinsu na Abuja, har da takardar wankewa daga NDLEA, kuma in ka kai kanka ofishinsu na wata ƙasar maƙwabciya, ce maka za a yi ka koma inda kake zaune ka nema. Bayan haka Najeriya ba ta cikin ƙasashen da suke ɗauka Turanci harshen uwa ne a wajensu, don haka sai ka zana jarrabawar gwajin Turanci, irin TOEIC da ake neman maki 600 ko fiye a cikinta, duk da cewa da Turanci aka koyar da kai tun firamare. Abin yana da ciwo, ni ma har yau bai daina ba ni haushi ba, amma haka ƙa'idar take.

Ejan ɗinka ba duka ya yi ƙarya ba, kuma nan ne haɗarin yake. Tabbas akwai makarantu, musamman a ƙananan garuruwa, da ke ɗaukar mutum ba takarda, ko su rubuta shi a matsayin mataimakin malami, ko a sa shi ya yi rajista da makarantar koyon harshe ya riƙe bizar ɗalibi alhali koyarwa yake yi. Suna yi ne saboda irin wannan ma'aikaci ba shi da baki. A biya shi ƙasa da abin da ake biyan Bature mai aji ɗaya da shi, ya yi shiru. A riƙe masa albashin hutu, ya yi shiru. Ƙara wa zai kai, shi da kansa doka ke nema? Wanda aka kama yana aiki ba izini tarar bat (kuɗin ƙasar) 5,000 zuwa 50,000 ce a kansa, a kore shi daga ƙasar, a kuma hana shi izinin aiki na shekara biyu. Wanda bizarsa ta ƙare ya ci gaba da zama ana lissafa masa bat 500 kowace rana har ta kai 20,000, in ya haura kwana 90 a haramta masa shigowa shekara guda, in kuma kama shi aka yi haramcin ya fi haka tsawo. Sannan zai zauna a tsare har sai danginsa sun haɗa kuɗin tikitin jirgi, don gwamnatinsu ba ta saya wa kowa. Mu Kanawa ba baƙin wannan labari ba ne. Ko a layinku ba za a rasa wanda ya tafi da bizar Umara da niyyar neman aiki ba, ya yi shekaru yana ɓuya, ƙarshe aka dawo da shi ta tarhil da kayan jikinsa. Abu ɗaya ne, ƙasa ce kawai ta bambanta.

Akwai wanda ya fi wannan muni. A kan iyakar Tailan da ƙasar Bama (Myanmar), daura da garin Mae Sot, akwai garin Myawaddy inda gungun 'yan damfarar intanet suka gina manyan gidaje. Da tallan aiki suke jawo mutane, wani a ce masa koyarwa, wani aikin kwamfuta. A tarbe shi a filin jirgin Bankok da mota, a yi ta tafiya da shi har a tsallakar da shi kogi, a karɓe fasfo, a tilasta masa damfarar mutane ta waya. A farkon 2025 an fito da dubban mutane daga can, cikinsu har da 'yan Afirka da dama. Ban ce ejan ɗinka na cikinsu ba, ban san shi ba. Amma bizar yawon buɗe ido, da aiki ba kwantiragi a hannu, da "wani zai ɗauke ka a filin jirgi", duk wanda ya faɗa can haka aka fara masa.

Ka tambayi sauran ƙasashe, to a taƙaice. Chana tana neman digiri kafin bizar aiki, kuma tun 2021 da ta takura wa cibiyoyin darasin kuɗi na yara, guraben suka ragu ƙwarai. Koriya ta Kudu bisa al'ada ƙasashe bakwai take ɗaukar malaman Turanci daga cikinsu, a Afirka sai Afirka ta Kudu kaɗai. Biyetnam ma digiri take nema. Kambodiya ce ake yawan ambata da sassauci, amma albashin ɗan kaɗan ne, kuma can ma gidajen damfarar nan sun yi yawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a saƙonka shi ne kana da Lissafi da Fiziks amma kana neman ka je ka yi gasar koyar da Turanci da Turawa. A kasuwar Turanci fata da fasfo ake fara dubawa. Malamin Lissafi da kimiyya kuwa nemansa ake, makarantun nan masu sashen koyarwa da Turanci kullum cikin cigiyarsa suke. Ko Ingila da ta buɗe wa malaman Najeriya ƙofar neman shaidar ƙwarewar koyarwa a Fabrairun 2023, fannonin Lissafi da kimiyya da harsuna ta ware, kuma da sharaɗin digiri da gogewar aji. Shirin TAC na gwamnatin tarayya, wanda tun 1987 yake tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karibiyan na shekara biyu, shi ma masu digiri yake kwasa.

To kuɗin babur ɗin nan, in har sai an sayar, a kai su makaranta. Mai NCE da sakamako mai kyau aji biyu yake shiga a jami'a ta hanyar DE, shekara uku ya gama in ba yajin aiki. BUK tana bayan gidanku, ga kuma NOUN ga wanda ba zai iya ajiye aiki ba. Kana yi kana koyarwa, shekarun nan kuma ba asara ba ne, su ne gogewar da za a tambaye ka. Ka yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, tun yanzu. Idan ka gama, takardar digiri da ta jerin sakamako sai sun bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja an buga musu hatimi, sannan ofishin jakadanci, ga kuma takardar shaidar hali daga 'yan sanda. Shekarar karatu a nan watan Mayu take farawa, saboda haka mai nema tun Janairu ya kamata takardunsa su kammala.

Kafin nan akwai aikin da za ka iya yi a makon nan, ba ya cin ko kwabo. Ka ɗauko WAEC ɗinka, da NCE, da NIN, da fasfo, ka jera su ka duba sunanka harafi bayan harafi. In wata ta ce Muhammad wata Mohammed, ko wata ta sa sunan kakanka wata ta sa sunan garinku, ko ranar haihuwa ta saɓa, ka fara gyarawa tun kana Kano. Na ga mai cikakken digiri da makaranta ta riga ta ɗauka, fayil ɗinsa ya tsaya wata da watanni a kan harafi ɗaya. Ejan ɗin kuwa ka ce ya ba ka sunan makarantar da kwantiragi mai sa hannun shugabanta, ka turo mini, ni zan kira su in ji ko sun san da zuwanka.