Wane Maƙalin Wayar Ƙasa Ya Dace Da Firam Ɗin Sola?

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka ɗaura maƙalan da ka sayo a kasuwar kayan wuta ta Opera Square, wato ƙananan ƙarafan da ke riƙe wayar ƙasa a jikin firam ɗin fanel ɗin sola, a aikin da muke yi a unguwar Nima, alhali a ido ba su da bambanci da waɗanda muka saba. Tambayar ta yi mini daɗi, domin wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta zube zuwa cikin ƙasa, ita ce ke tsare ran duk wanda ya taɓa firam ɗin ranar da wuta ta zube a jikinsa.

Firam ɗin fanel alminiyam ne, wayar kuwa jan ƙarfe ce, kuma waɗannan ƙarafa biyu ba sa zaman lafiya idan laima ta shiga tsakaninsu, sai alminiyam ɗin ya dinga ruɓewa yana zama farin gari har haɗin ya saki. A nan Accra, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri, ɓarnar ta fi sauri. Maƙalan da ka sayo na alminiyam ne, an yi su don cikin akwatin wuta inda ruwa ba ya kaiwa. Wanda ya dace da saman rufi shi ne na jan ƙarfe da aka lulluɓe da kuza, mai noti da washa na sitenles. Idan ka auna su a tafin hannunka za ka ji na jan ƙarfen ya fi nauyi, idan kuma ka ɗan kankare gefensa za ka ga ja a ciki. Notin kuwa, ka kara masa maganaɗisu. In ya cafke shi da ƙarfi, to baƙin ƙarfe ne da aka yi wa shafe, kuma tsatsa na jiransa.

Abin da yawancin yara ke mantawa shi ne fatar da masana'anta ke yi wa firam, wadda ba ta barin wuta ta ratsa. Saboda haka dole washar ta kasance mai haƙora, ta huda fatar ta ciji ƙarfen da ke ƙarƙashi, in ba haka ba maƙalin ado ne kawai. Ka ɗaura shi a ramin da aka yi wa alamar ƙasa, kada ka huda sabo, domin hakan na iya soke garantin fanel ɗin.

Ni na fi son maƙali mai buɗaɗɗen baki da ake kwantar da waya a ciki, saboda waya ɗaya mai kaurin milimita sikwaya 6 za ta bi dukan layin ba yanka, kuma ko an cire fanel guda don gyara sauran suna nan a haɗe. Ka kula kada tsirarar wayar ta goga jikin firam ko dogon ƙarfen da ke ɗauke da shi. Ka matse notin daidai ƙarfin da takardar masana'anta ta faɗa, sannan ka gwada haɗin da mita daga kowane firam har sandar da ke cikin ƙasa kafin ka kira ni in duba.