Kwamfutata ta ƙi tashi bayan sabunta BIOS

Tambaya: Malam, ina cikin sabunta BIOS na kwamfutata ta tafi-da-gidanka aka ɗauke wuta, batirin kuma dama ya yi rauni. Tun daga ranar fanka ke juyawa amma fuskar ta yi baƙi ƙirin, ga shi duk aikin karatuna yana ciki. Ɗaliba daga Zariya.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki game da aikinki, domin BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta idan an kunna ta, yana zaune ne a kan wani ɗan ƙaramin guntu da ke jikin babban allon kwamfutar, rubuce-rubucenki kuwa suna cikin ma'ajiyar bayanai wadda katsewar wutar ba ta taɓa ba.

Da farko ki cire caja, ki danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ki mayar da cajar ki gwada. Idan ba ta tashi ba, kamfanoni da yawa sun tanadi hanyar farfaɗowa. A HP ana danne maɓallan Windows da B tare, a taɓa maɓallin kunnawa na daƙiƙa 2 zuwa 3, a sake shi, a ci gaba da riƙe Windows da B. A Dell ana danne Ctrl da Esc, sannan a jona caja. Idan aikin ya fara, ina roƙonki kada ki kashe ta ko da ta daɗe tana shiru, kuma ki tabbata wutar ba za ta sake yankewa ba.

In duk wannan ya faskara, ki kai wa ƙwararren mai gyara ya sake rubuta guntun da na'ura, amma ki sa ya fara kwafe miki aikinki. Ki kuma nemo lambobi 48 na buɗe BitLocker, wato makullin Windows da ke kulle ma'ajiyar bayanai, a asusunki na Microsoft, don wataƙila ta buƙace su.