Tallafin kuɗi na taimakon manomin ƙauye kuwa?

Malam, ka tambaya ko ɗan kuɗin tallafin da ake rabawa talakawan karkara yana canza wani abu ko cinyewa kawai ake yi. Gaskiya yana canzawa, ba wai zai fitar da gida daga talauci ba amma yana hana maigida sayar da akuya ko cin bashin hatsi lokacin da rumbu ya ƙare. Ko naira dubu 5 ɗin nan ta wata-wata da aka riƙa ba mata zamanin Buhari, a ƙauyenmu wasu adashe suka zuba da ita har suka sayi 'yar tunkiya suna kiwo.

Sai dai sharaɗin shi ne ya zo a kan lokaci. In ya faɗo tsakiyar damina, wajen Yuli zuwa Agusta, mutum zai auno gero ya tsaya ya yi noman gonarsa maimakon ya tafi ƙwadago gonar wani ciyawa ta cinye tasa, wallahi nan ne amfanin yake. In kuwa sai bayan kaka aka biya, ko a biya wata biyu a yi shiru wata shida, to ba wanda zai iya tsara komai a kansa.