Tambayoyinku kan mota: Prado ko Highlander, wacce ce ba ta jijjiga tsohuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Jega, ina harkar albasa da shinkafa. Mahaifiyata tana fama da ciwon baya, duk wata nakan kai ta Sakkwato ganin likita. Abokaina sun ce in sayi Prado, wai babbar mota ba ta jin rami. Kuɗin hannuna za su kai Highlander ta 2010 mai lafiya, ko Prado da ta girme ta sosai. Wacce za ta fi yi wa Hajiya daɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri. Abokanka rabin gaskiya suka faɗa. Motar ce ba ta jin rami, amma na zaune a baya yana ji.

Leƙa ƙarƙashin Prado za ka ga dalili. Ginin Hilux aka yi mata: ƙashin ƙarfe mai kama da tsani a ƙasa, aka ɗora bodi a kai, tayoyin baya kuma ƙarfe ɗaya ne ya haɗa su. In tayar dama ta faɗa rami, ta hagu ma sai ta amsa, kujerar baya ta yi ta rangaji. Ga tsawo, sai an tallafi tsohuwa kafin ta hau, a saukowa kuma bayan ne zai biya. Ita kuwa Highlander daga jikin Camry aka fitar da ita, kowace taya tana motsi ita kaɗai, shi ya sa take lallaɓa ƙananan ramukan kwalta. Kujerarta kusan daidai ƙugu take, zama kawai Hajiya za ta yi ta juya ƙafafu.

Da ce min ka yi da damina kana shiga fadama ɗauko kaya, ko kana bin burji da yashi zuwa ƙauyuka, da ban haɗa Prado da komai ba, don tana da ƙaramar giya ta fita daga taɓo, wadda Highlander ba ta da ita. Amma Jega zuwa Sakkwato ta Tambuwal kwalta ce. Kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, nauyin mota ya zama abin lissafi: Prado mai fulogi huɗu tana nishi in an cika ta, mai fulogi shida kuma gidan mai ne zai san sunanka. Akwai wata maganar da ba a cika faɗa da ƙarfi ba: Prado tana jan ido a hanya, a wannan zamani kuwa ba kowane ido ake so ba.

Ka ɗauki Highlander. Kafin ka biya, sa bakanikenka ya duba wani bututun baƙin mai a jikin injinta mai lita 3.5. Na farko-farko suna da gaɓar roba da kan fashe ta zubar da mai cikin ɗan lokaci, daga baya kamfanin ya mai da shi ƙarfe zalla. In na roba ne a sauya, ba tsada. Takardun kwastan ma ka tantance su da kanka, kada ka tsaya kan rantsuwar dillali, musamman in motar ta iyaka ta shigo. Ranar gwaji kuma ka ba wani tuƙi, kai ka zauna inda Hajiya za ta zauna.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Argungu, yaranmu shida. Maigida yana son Honda Pilot don kujeru takwas gare ta, ni kuma Sienna nake so, ya ce wannan ai motar haya ce. Ku raba mu.

Amsa: Hajiya, raba gardamar miji da mata ba aikina ba ne, amma a wannan karon ina bayanki. Layi na uku a yawancin jif na yara ƙanana ne, wanda ya kai aji uku na sakandare gwiwarsa za ta kusa taɓa haɓarsa kafin a kai Birnin Kebbi. Da an ɗaga kujerun kuma but ya tsuke. Pilot ta fi Highlander wuri a nan, gaskiya ne, amma ku tuna tafiyar sallah: akwatuna, kulolin abinci, buhun shinkafar da za a kai wa dangi. Sienna tana da rami mai zurfi bayan kujerun ƙarshe da ke haɗiye wannan duka, ƙofofinta kuma ja ake yi, yaro ba zai buga wa motar maƙwabci ba.

Gorin motar haya kuwa, shi ne ma abin yabon. Motar da direbobin tasha suka yarda da ita, kayan gyaranta da masu gyaranta ba sa wuya. Aibinta ɗaya babba: cikinta na ƙasa, in hanyar garinsu maigida mai kwazazzabai ce, yana da hujja. In Pilot ɗin aka saya, a tambayi yaushe aka sauya bel ɗin cikin injinta, don bel gare ta ba sarƙa ba, in ya tsinke ana tafiya injin ne zai lalace. In kuma Sienna ce, a kula, mai jan ƙafa huɗu galibi ba ta zuwa da safayar taya daga kamfani.

Tambaya: Na sayi Lexus RX 350 ta 2008 don an ce laushi gare ta, na sa mata manyan rim masu lamba 20. Yanzu tsakanin Zuru da gida kamar a kan amalanke nake. Shokobzoba ce ta mutu?

Amsa: Malam, kai ka kashe laushin da hannunka. Da rim 17 ko 18 ta fito daga kamfani. Babban rim sai da siririyar taya, kaurin tayar kuwa shi ne ke fara shanye rami kafin ya kai ga shokobzoba. Mai da mata nata. Sannan ka buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙin mai nuna iskar da ta dace, ka nuna wa mai faci, don da yawansu sai taya ta yi tauri kamar dutse suke cire tiyo. Duba lambobi huɗun da ke gefen tayar: misali, 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019, tsohuwar roba kuma ta riga ta bushe. In bayan wannan motar tana ci gaba da lilo in ta tsallake tudun rage gudu, ko ka ga mai yana tsatsa a jikin shokobzoba, to sai a sauya su, biyu-biyu, hagu da dama tare.